Ɗigon Ruwa a Motar Alhaji

Sau uku magabatan Attaher suka ɗauki goro suka nufi gidan Alhaji Zubairu a unguwar Wadata, sau uku aka ba su ruwa mai sanyi, aka rako su bakin ƙofa da goronsu a hannu. Alhaji bai taɓa ɗaga musu murya ba. Maganarsa ɗaya ce, duk garin Tawa ya san ta: bai kai 'yarsa Raƙiya lakkol, makarantar boko, har ta zama ungozoma a asibiti don ya ɗauke ta ya ba mai wankin mota ba.

Attaher kuwa ba wankin mota yake yi ba, amma wa zai tsaya ya fahimtar da Alhaji? Shekara bakwai ya yi a Abijan. 'Yan uwansa 'yan bida, masu tafiya ci-rani, suka dawo da kuɗin kwanon rufi da siminti, shi ya dawo da injin goge fenti da wasu 'yan kwalabe da ba su fi na turare ba. Seramik ake ce wa abin da ke ciki. Ana shafa shi a jikin mota, in ya bushe ya zama kamar siririn gilashi, rana ba ta cin fenti, laka da kashin tsuntsu ba su kamawa. Duk wannan bayani a kunnen Alhaji sunansa wankin mota, tunda dai da soso da tsumma ake yi.

Ana nan Alhaji ya sayar da albasarsa ya sayi baƙar babbar mota katkat a hannun Abdurazak, wani dillalin motoci da ke shigo da su daga bakin teku. Shi ma Abdurazak ɗin Raƙiya yake so, kuma ba ya ɓoyewa. Tun da motar ta shigo gida ya mai da ƙofar Alhaji wurin hirarsa, kullum da dalilin zuwa, yau takarda, gobe makulli na biyu.

Ranar Litinin Raƙiya ta durƙusa a gaban mahaifinta, ta yi maganar da ta shekara tana juyawa a ranta.

"Baba, ba ka taɓa ganin aikinshi ba. Ka gani dai, ko sau guda."

"Mi za ni gani? Kumfa?"

"Ka ba shi motarka."

Alhaji ya ajiye carbinsa ya dube ta.

"Ke, Raƙiya. Motar da ko sati ukku ba ta yi ba?"

"Ita, Baba."

"To na ji. Shi zo shi yi. In ta hito yadda shika hwaɗi, manyanshi su zo ran Juma'a, in amshi goro. In ya ɓata min ita, kada in sake jin sunanai cikin gidan ga, daga bakinki ko na wani. Ban tilasta miki kowa, ɗiyata, amma wanga shi na karo na ƙarshe. Kin yarda?"

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Ta sha ganin motocin da suka fito daga hannun Attaher.

Attaher ya so a kai masa motar shagonsa da ke rufe ruf, ta kwana biyu a can. Alhaji ya ce motarsa ba ta kwana a gidan wani. Dole ya kwaso kayansa ranar Talata tun da hantsi ya shiga garejin Alhaji. Ya wanke, ya tsane, ya bi fentin da inji taƙi-taƙi har ya kashe duk wani ƙarce. Sa'an nan ya ɗiga maganin a ɗan soso, ya shafa a tsaye, ya shafa a kwance, ya jira kaɗan, ya goge da tsumma mai laushi, ya matsa gaba. Ko fura da aka aiko masa bai sha ba sai da ya gama.

Da la'asar ya fito yana share gumi, ya rusuna a gaban Alhaji.

"Baba, abu guda nika roƙo. Kada ruwa shi taɓa ta har jibi war haka. Ko ɗigo guda. Maganin bai kama ba tukuna, abin da dut yah hwaɗa bisa, shi zamna ciki."

"Na ji," in ji Alhaji. Ya rufe babbar ƙofar gareji da kwaɗo ya jefa makulli a aljihu. Ya faɗa wa ƙannensa zancen ruwan, ya faɗa wa maƙwabta masu zaman ƙofar gida, har limamin unguwa sai da ya ji.

Cikin gida ne kawai ba a faɗa wa kowa ba. A ganin Alhaji, ina ruwan mata da zancen mota? Ya manta garejin yana da 'yar ƙofa ta baya da ke buɗewa ta tsakar gida, wadda ko sakata ba ta da ita.

Raƙiya tana da aikin kwana a asibiti. Da safiyar Laraba ta dawo, rana ta ɗaga, Alhaji ya tafi kasuwar albasa. Tana shiga tsakar gida ta ga mahaifiyarta, Inna Lalla, tana fitowa ta 'yar ƙofar nan, da ƙaramar ƙwarya a hannu ɗaya, da guntun tsintsiya jiƙaƙƙiya a ɗayan. Fuskarta fal murna.

Raƙiya ta tare ta.

"Inna, mi kinka yi can?"

"Shhh! Rage murya." Inna Lalla ta jawo ta gefe. "Jiya da nit tahi gaisuwa garin Barmu na biya wurin malam. Rubutu na, na sanyin zuciya. Ya ce in yayyahwa bisa abin da babanki ya hi so, zuciyatai ta yi taushi ga yaron ga. To mi babanki ya hi so yanzu in ba motag ga ba? Ai ko ni ban kai ta ba."

Ta yi 'yar dariya, ta ɓoye ƙwaryar a cikin zanenta.

Raƙiya ta shiga garejin da sauri. Ga motar nan tana ƙyalli ko a cikin duhu, ga ɗigo-ɗigo a jere daga kan kapo, murfin injin gaba, har ƙofar direba, sun fara bushewa.

Ta so ta kwarma ihu. Ta so ta fita ta kama kafaɗun uwarta ta girgiza. Amma ta san abin da ke ƙasa. Shekara biyu da suka wuce Alhaji ya kama Inna Lalla tana zuba masa rubutu a fura, ya rantse a gaban ƙannensa cewa duk ranar da ta sake shigo da kayan malamai gidansa, a bakin aurenta. Igiya ɗaya ta rage tsakaninsu, biyu sun tafi tun Raƙiya tana goye. Kuma ta san halin uwarta, ba ta iya riƙe laifi a ciki. In ta ji ita ta ɓata aikin, kafin azahar za ta je ta durƙusa ta faɗa da bakinta.

Ta shiga ɗaki ta kira Attaher a waya, ta faɗa masa komai.



"Kada ki goge," in ji shi. "In kin goge sai ya hi haka muni. In na samu shiga yau, ina iya gyara ta kahin maraice."

Ya bi Alhaji har kasuwa, ya ce yana so ya leƙa motar ya ga yadda maganin ke kamawa. Alhaji yana tsaye kan buhunan albasa, ko juyowa bai yi sosai ba.

"Kai da bakinka ka ce kada a taɓa ta sai ran Alhamis. To kai ma ba ka taɓa ta. Ko akwai abin da kaka ɓoyo?"

"Babu, Baba."

"To sai gobe la'asar."

Haka Laraba ta wuce. Inna Lalla tana ta daka kayan yaji na tuwon Juma'a tana 'yar waƙarta, Raƙiya tana kallonta.

Ranar Alhamis da la'asar ƙofar gidan ta cika. Ƙannen Alhaji biyu, maƙwabta, da Abdurazak da ba wanda ya gayyata, ya sha shadda fara yana kaɗa makulli a yatsa. Raƙiya ta laɓe a bayan ƙofar zaure, inda take ganin komai ta tsagar katako.

Alhaji ya buɗe kwaɗo da kansa, ya shiga ya fito da motar baya-baya cikin rana.

Da farko sai da mutane suka yi kabbara. Bayan motar da gefen dama kamar madubi, mutum na ganin haƙoransa a ciki. Wani maƙwabci har ya gyara hularsa a jikin ƙofa. Raƙiya ta ga bakin mahaifinta ya fara motsi kamar zai yi murmushi.

Sai Abdurazak ya zagaya gaba.

"A'a! Alhaji, zo ka gani."

Rana ta tona komai. Kapon ya yi tabo-tabo kamar fuskar yaron da ya tashi daga ƙyanda, kowane tabo da baƙin zobe a gefensa. Alhaji ya sa hannun rigarsa ya goge. Bai fita ba. Ya sake gogewa da ƙarfi. Yana nan.

"Na hwaɗa maka tun hwarko," in ji Abdurazak, yana girgiza kai kamar abin ya dame shi. "Mota ta hito daga Turai da fentinta lahiya lau, a ce sai an shahwa mata wani ruwa na kwalba? Wanga fenti sai dai a sake shi."

"Ba sai an sake ba," in ji Attaher. "Kwana guda ya ishe ni in ɗebe shi in maida sabo."

"Ka ƙara taɓa ta kuma?" in ji Abdurazak.

Alhaji ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ya juyo ya fuskanci Attaher.

"Yaro, ka ce ruwa ɗai ka ɓata aikin ga. Gidana na, makulli na aljihuna. In ka san wani ya zuba mata ruwa, hwaɗi gaban mutane. In ba laihinka ba na, ban aza maka, kuma maganata ta Juma'a tana nan."

Raƙiya ta dafe katakon ƙofa. Ga hanya an buɗe masa, faffaɗa. Kalma ɗaya kawai.

Abdurazak ya sunkuya, ya lakaci tabo ɗaya da farce, ya murza a yatsa, ya kai hanci.

"Abin mamaki. Shina da danƙo kama da ƙaro. Kuma baƙi-baƙi, sai ka ce tawadar allo…"

Fuskar Alhaji ta sauya. A hankali ya juya kansa ya dubi garejin, can ciki, wajen 'yar ƙofar baya.

"Maganin na, Baba," in ji Attaher da sauri, da ƙarfi. "Haka shika yi in an bar shi ya wuce lokaci ba a goge ba. Hannuna ya yi nauyi bisa kapon, na gaji, ban bi shi da tsumma yadda ya kamata ba. Ba wanda ya zuba ruwa. Laihina na."

Alhaji ya dawo da idonsa kansa.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To madalla da ka hwaɗi gaskiya. Don ita na yahe maka motar. Amma alkawali alkawali na. Ka ce ma manyanka su hutar da ƙahwahunsu gobe."

Attaher ya rusuna, ya ɗauki jakar kayansa, ya hau babur ɗinsa. Sai da ya buga sau huɗu kafin ya tashi, mutane na tsaye suna kallonsa, Abdurazak na yi wa Alhaji bayanin wani mai fenti da ya sani a Ƙonni.

Raƙiya ba ta san lokacin da ta zari mayafi ta fita ta ƙofar baya ba. Ta tare babur ɗan kabu-kabu har shagon Attaher a unguwar Bilbis. Ta same shi zaune a kan bokiti kife, yana ninke tsummoki ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ya faru.

"Wa ya sa ka?"

Bai ɗago ba.

"Da kai nika magana, Attaher! Wa ya sa ka? Wa ya ba ka izni ka yanke muna hukunci kai ɗai?"

"Mi kika so in ce?"

"Ka yi shiru! Ka ce ba ka sani ba! Ka ce raɓa ta, ka ce rufi na zuba, ka ce komi!"

"Raɓa cikin bazara, Raƙiya? Kin ga inda ya duba. Da na ƙara numfashi guda ban yi magana ba, da ya shiga gida ya tambaye ta. Kuma kin san Inna ba ta musu."

Hawaye suka zubo mata. Haushi ne ya fi yawa a cikinsu, haushin da ba ta san inda za ta sauke shi ba. Ba ta iya jin haushin uwarta, don ƙauna ta sa ta yi. Ba ta iya jin na mahaifinta, don ya ba da hanya har sau biyu. Saura wannan da ke zaune a kan bokiti, wanda ya fi kowa gaskiya, shi ya sa ta fi jin haushinsa.

"Shekara huɗu," in ji ta. "Shekara huɗu ina korar mutane sabodakai. Ƙawayena dut sun yi ɗiya biyu-biyu, ni nika amsar haihuwassu da hannuna. Ana ce min na tsuhwa gida, ina dariya. Yau ka tsaya gaban Abdurazak ka ce ba ka iya aikinka ba? Aikin da ka hi kowa iyawa garin ga?"

"Kina zaton bai yi min ciwo ba?" Sai yanzu ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Kahin magariba dut Tawa ta ji na ɓata motar Alhaji Zubairu. Wa za ya sake kawo min mota? Na san abin da niy yi."

"To don mi?"

"Don in na aure ki bisa sakin uwarki, da wane ido za ki dube ni? Ranar ɗaurin aure tana Barmu gidan ƙanenta da kayanta cikin buhu, shekara hamsin da wani abu, mu muna nan ana guɗa? Wata guda za ki yi kina sona, sannan ki hwara tuna wa ya tona ta."

"Da ka bari ni in zaɓa."

"Da kin zaɓi mi?"

Ta tsaya a tsakiyar shagon tana kuka kamar ƙaramar yarinya, shi kuma bai taso ba, don ya san in ya taso ba zai iya barinta ta tafi ba.

"In koma in hwaɗa mishi da kaina," in ji ta daga baya, muryarta ta dushe.

"In kin yi haka, kin maida ni maƙaryaci gaban babanki, kin kuma kashe auren Inna. Ba ki samu ko guda ba." Ya sauke kai. "Tahi gida, Raƙiya, kada a neme ki a rasa."

"Shi ke nan abin da za ka ce min?"

"Ki gaida min Inna."

Ta juya ta fita, ko sallama ba ta yi masa ba.

Ana kiran magariba ta shiga gida. Tukwanen da aka jera don tuwon Juma'a an mai da su madafa. Ta wuce ɗakinta ta zauna a bakin gado da mayafinta a ka.

Ba a jima ba labule ya motsa. Inna Lalla ta shigo tana waige, ta tura ƙofa, ta zauna kusa da ita. Idanunta sun kumbura.

"Na ji, ɗiyata. An ce aikin bai yi kyau ba, babanki ya hana." Ta kama hannun Raƙiya ta riƙe. "Ki yahe min. Laihina na."

Raƙiya ta juyo da sauri ta dube ta.

"Inna…"

"Laihina na, wallahi. Malam ya ce sau biyu za ni yayyahwa, sahe da sahe. Na yi na jiya, yau babanki bai hita da wuri ba, ban samu shiga ba. Rabin magani ai ba ya aiki. Da na cika, da yanzu wani zance aka yi." Ta zaro 'yar gorar roba daga cikin zanenta, baƙin ruwa na kaɗawa a ciki har rabi. "Amma ga sauran nan. Gobe in ya tahi masallaci sai in ƙarasa. Allah ba ya barci, yaron ga mutumin kirki na."

Raƙiya ta dubi gorar. Ta dubi hannun da ke riƙe da ita, duk tabon wuta da kaushin taɓarya. Maganar ta taso mata har bakin harshe, ta tsaya nan tana ƙona ta.

"Ba ni nan, Inna."

"Ki yi mi da shi?"

"Kin ce na sanyin zuciya na. Zuciyata ta hi ta Baba bukata."

Ta karɓa, ta buɗe murfin, ta kafa kai. Ɗacin gawayi da danƙon ƙaro suka bi mata maƙogwaro, hawaye na gangarowa ta gefen kunnuwanta, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasan gorar.

Inna Lalla ta shafa kanta.

"To Allah shi sa a dace, ɗiyata."

"Amin, Inna," in ji Raƙiya.